Ƙofar ɗakin hatsinmu ta taɓa tashi sama

Ba iska ce ta ɗauke ta ba. Ƙofar abiyo ce, irin ƙananan jiragen nan na da masu farfela ɗaya a hanci. Kakana na wajen uba ne ya kawo ta gida a bayan jaki, tun ubana, Allah ya jiƙansa, bai yi wayo ba. Da yake ita ba a iya rage ta ko a ƙara ta, sai ya sa magini ya tada bakin ɗakin daidai da ita. Shi ya sa duk wanda zai ɗebo hatsi a gidanmu na Dagmanet sai ya duƙa, ko da jiya ya dawo daga Makka.

Da fara ce, in ji shi. Ni dai na tashi na tarar da ita launin toka, kusurwoyinta a zagaye, ƙananan ƙusoshi a jere a jikinta kamar ɗinkin tela mai haƙuri. Tana da ƴar taga da ta dushe, ba ka ganin komai ta cikinta sai inuwar buhu. Sama da mariƙin an rubuta POUSSEZ, wato danna, da jan fenti. Kalmar Faransanci ta farko ke nan da na karanta ni kaɗai, ba malami a kaina, kuma ranar sai da maƙwabta suka ji.

Buɗe ta ma sai ɗan gida. Za ka danna mariƙin ciki, sannan ka murɗa shi sama. Baƙuwa in ta zo taya aikin suna sai ta ja, ta jijjiga, ta ce an yi wa ɗakin asiri. Tsoho, haka nake kiran kakan nawa, yana kan tabarmarsa yana shan dariya.

"Danna, kana ki murɗa. Ba a gwada ma jirgi ƙarhi."

In faɗa tun yanzu: Tsoho bai taɓa hawa jirgi ba. Aikinsa a filin jirgi, shekara da shekaru, shi ne korar jakuna da raƙuma daga kan hanya kafin abiyo ya sauka, da mirgina tano na isansi, wato gangunan man jirgi, da cusa itace ƙarƙashin taya kada jirgi ya gangara. Jirgin da ya bar mana ƙofarsa shi ne mai kawo wasiƙu da likita. Wata rana tayarsa ta fashe wajen sauka, ya karya fiffike, ba wanda ya mutu. Aka ja shi gefe aka ce za a aiko da kayan gyara. Ba a aiko ba. Tsoho ya yi gadinsa har ya gaji, ranar da aka fid da rai sai makanikin ya kwance ƙofar ya ba shi. Sauran gangar jikin maƙera suka yi ta gutsura har ta ƙare.

Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa yana nan garau. Jirgi in ya wuce saman gari, bai ko ɗaga kai.

"Wanga na Yamai ne, ya makara. Wancan kuwa na soji ne, ba shi da ladabi."

Shi ya shafa mini ciwon. Ƙawayena na lise, makarantarmu ta sakandare, suna ƙarar da megan intanet ɗinsu a kallon raye-raye da fim, ni nawa duk a kan tsofaffin jirage yake ƙarewa. Akwai ƙasashen da ake yi musu biki. A wanke su, a goge, a tashe su ɗaya bayan ɗaya suna barin farin hayaƙi a sama, tsofaffi a ƙasa sun cire hula suna share hawaye. Akwai kuma manyan gidaje da aka rataye jirage a rufinsu, yara suna yawo a ƙarƙashi baki buɗe. Nakan kalla, in waiwaya in dubi ƙofarmu da akuya ke goga jikinta a kai, raina ya ɓaci. Can an sa wa ƴan'uwanta fitila, nan tana tsare gero daga ɓera.

Sai Baffa ya dawo daga Tchibarakaten. Ƙanen ubana ne, ya daɗe yana tonon zinariya ba sa'a, wannan karon Allah ya duba shi. Ya ce gidan nan sai an gyara shi tun daga zaure har makewayi. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, rufin ɗakin Inna yana zuba, katangar baya ta tsage, gyaran ya kamata. Amma ranar da yake zagayawa da magini, ya tsaya gaban ɗakin hatsi, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ɗan makullin motarsa.

"Wanga gwangwani kuma hita za shi yi. A faɗaɗa bakin, a sa ta ƙarhe. Mutum da girmansa shi riƙa duƙawa a gidan ubansa?"

Na ce, "Baffa, ƙofar jirgi ce fa."

"To shi jirgin shi zo shi amshi abinsa."

Magini ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na dubi Tsoho, ya yi kamar bai ji ba, yana jan carbinsa. Na san shi, ba ya son jayayya da ɗan da ya dawo da alheri.

Washegari na nufi wurin malaminmu na tarihi a lise, wanda muke kira Mushe kawai. Ya yi ritaya, ya kama wani ɗaki a tsohon gari yana tara kayan da: sirdin raƙumi na ayari, ma'aunin gidan waya, tsohon tarho mai murɗawa, makullan katako. Na nuna masa hoton ƙofar a wayata. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Tana ina?"

"Gidanmu. Tana rufe hatsi."

"Subhanallahi. Kada kowa ya taɓa ta. Asabar mai zuwa zan zo da amalanke, mu roƙi tsohon. Ita za ta zama uwar ɗakin nan, notre petit musée, ɗan muzenmu."

Na fito ina gudu kamar an biyo ni. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar ina da kitso, kuma da asuba zan bi mota zuwa Timia, ƙanwar Inna ta haihu, ni aka ce in je in taya ta. Na shigo gida ina neman kallabina, Tsoho yana inuwar zaure. Ban ko zauna ba.

"Tsoho, ka huta. Na sama wa ƙofarka wuri. Muze za a kai ta."

Carbin ya tsaya. "Ina?"

"Muze."

"Muze," ya maimaita. "Wurin kuraye?"

Ga abin da ya kamata in tuna. Tsoho sau ɗaya ya taɓa zuwa Yamai, lokacin da aka kai shi ganin likitan ido. Wani ɗan'uwa ya kai shi muze yawon buɗe ido, abin da ya gani a can kuwa zakuna ne da kuraye da dorina, kowanne a bayan ƙofar ƙarfe. Ya ba mu labarin warin kejin kura ya fi sau ɗari. Ba shi kaɗai ba, a unguwarmu in ka ce muze, gidan namun daji kowa yake ji. Uwa ma in yaro ya cika ƙazanta cewa take za ta kai shi muze. Na san wannan. A cikinsa na girma. Amma na zaci tsokana ce irin tamu ta kaka da jika, shi da kullum yake cewa ya sake ni don ban iya dama fura ba.

Na ce, "I mana, can. Kowa ya zo ya gani."

"Kowa shi zo shi gani."

"Sai na dawo, angona. Kada ka yi kewata."

Bai rama ba. Ya ce, "To." Ni kuma mai kitso tana jirana, na fice.

Kwana huɗu na yi a Timia. Na yi wanki, na yi daka, na sha lemu a gindin bishiyarsa, har na ba matan gidan labarin ƙofarmu da za a sa wa takarda da suna. Ranar Alhamis na dawo da kwandon lemu da rumman. Na shiga tsakar gida, sai ga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe shuɗiya a bakin ɗakin hatsi, simintin gefenta bai gama bushewa ba.

Na dire kwandon, lemu ya watse.

"Inna, ina ƙofar?"

"Ba sallama, ba sannu da gida?"

"Inna, ina ƙofar?"

"Tana kasuwa wurin masu zubin tukwane. Kada ki kalle ni haka, ba ni ba ce. Baffanki ma cewa ya yi a jingine ta a bayan ɗaki. Kakanki ne da kansa ya sa aka kira mai amalanke, ranar da kika tahi."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tare kabu-kabu, duk hanya ina ce masa ya ƙara wuta, har ya ce in ina sauri haka in nemi jirgi. Bai san abin da ya taɓo ba.

Wurin masu zubi yana can ƙarshen kasuwa, inda ƙasa ta yi baƙi. Tsibin gwangwanayen lemo, tsofaffin kayan injin mota, akwatunan yashi da ake danna siffar tukunya a ciki, da wuta da ake hura wa da ƙafar keke. Na yi ta leƙa tsibin nan ina neman kusurwa mai zagaye. Mai wurin, wani dattijo mai ƙonannen gemu, ya bar ni na gama dubawa tukuna.

"Ƴammata, mi ya ɓace?"

"Ƙofa. Wani tsoho ya aiko da ita daga Dagmanet."

"A'a, ke ce jikar? Madalla, kin hutar da ni aike." Ya shiga rumfa ya fito da tukunya, sabuwa fil, tana ƙyalli. "Ga ta. Lamba uku."

Na kalli tukunyar. Ko tuwon gidanmu na rana ɗaya ba za ta ɗauka ba.

"Wannan ce ƙofar?"

"Ita ce, har da ƙari. Ki gaya ma tsoho ƙarhen nan nasa ba shi da auki. Faɗi ne kawai, ciki ba komi, da ya ji wuta rabi ya zama kashi. Sai da na ƙara mashi gwangwanin lemo kahin ta cika."

"Gwangwanin lemo."

"Kyauta na sa, don girmansa."

"Baba, ka san abin da ka narka? Wannan ƙofar ta bi ta saman duwatsun Ayar! Babu irinta a garin nan, wataƙila a ƙasar nan duka!"

"To ai gara da babu, don ba ta da kyau wurin zubi." Abokan aikinsa suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce in kula in ɗora dutse a kan murfin, kada tukunyar ta tashi da miyar.

Na so in yi zagi. Bakina ya cika da shi. Amma dattijo ne, kuma aikinsa ya yi, abin da aka kawo masa aka ce ya narka ya narka. Na tambaye shi ko akwai abin da ya rage. Ya nuna gefe da ƙafa. Tagar ta ƙone, rubutun ja ya tafi da wuta, sai mariƙin kaɗai, da yake shi baƙin ƙarfe ne ba ya shiga tukunya. Na tono shi daga cikin toka da hannuna. Haka na dawo gida a kan kabu-kabu, tukunya a cinya, mariƙi a hannu, ina kuka don haushi.

Tsoho yana inda na bar shi. Na dangwarar da tukunyar a gabansa har ta yi ƙara, na jefa mariƙin a gefenta.

"Ga ƙofarka."

Ya shafa ta, ya ƙwanƙwasa da farce. "Ƙarama ta hito."

"Abin da za ka ce ke nan? Na gaya maka na sama mata wuri! Kwana huɗu kawai, Tsoho. Kwana huɗu ba ka iya jira ba?"

"Don kada ki dawo ki iske ta na yi sauri." Muryarsa ba wasa a ciki, ban taɓa jin ta haka ba. "Ƙohwar da ta ruhe likita, ta ruhe wasiƙun mutane, na yi gadinta rana da sanyi, ke ki ce a kai ta a ruhe kura da ita? Kura ta yi mata hitsari, ƴan kallo suna dariya? Ina raye? Gara ta dahwa ma jikokina wake. Da wulaƙanci gara wuta."

Sai da na ɗan daɗe kafin maganar ta shiga kaina. Da ta shiga, na zauna a ƙasa.

Na ciro waya. Na nemo bidiyon gidan nan mai jirage a rataye, na kai masa dab da ido. Ya ƙanƙance ido yana kallo. Yara suna wucewa ƙarƙashin fiffike, wata mata tana goge ƙura da tsumma.

"Mi ne wanga?"

"Muze."

"Ina kurayen?"

"Babu."

"Zaki fa?"

"Babu komai, Tsoho. Jirage ne kawai. Ajiye su ake yi don kada su lalace, jikoki su zo su gani."

Na canza zuwa wani bidiyon, na bikin da ake tashin su, inda wani mutum yake juya farfelar ƙaramin jirgi da hannu. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Tsoho ya ture wayar daga idonsa ya kai ta kunne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in mayar. Na mayar.

"Shi ne," ya ce. "Ɗan'uwansa ne. Haka yake tari in ya kwana cikin sanyi."

Inna ta leƙo, ta ga fuskokinmu, ta koma.

Can ya ce, "To ke don mi ba ki ce ɗakin ajiyar jirage ba? Hausa ta ƙare maki?"

"Kai don me ba ka tambaya ba?"

"Na tambaya. Na ce wurin kuraye, kinka ce i."

Gaskiyarsa ce. Har yau kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ina jin haushin Baffa da ya ga gwangwani inda akwai tarihi. Ina jin haushin mai zubi da gwangwanin lemonsa na kyauta. Ina jin haushin garin nan da jirage suka yi shekara da shekaru suna sauka a cikinsa amma ba wanda ya ajiye ko ƙusa ɗaya. Ina jin haushin Tsoho da ya zaɓi ya yi fushi a ɓoye maimakon ya daka mini tsawa in tsaya. Amma duk in na gama zagayen nan, a kaina nake dawowa: shekara nawa a lakkwal ina karatun boko, na koyo kalma guda, na jefa wa tsoho ita daga tsaye don kitso yana jirana.

Ranar Asabar Mushe ya zo da amalankensa, har da tsohon bargo na naɗe ƙofa. Ni na tare shi a zaure na gaya masa. Ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. Inna ta kawo masa ruwa, ta ce ya yi haƙuri, in yana so ya ga tukunyar tana kan wuta. Ya ce a bar ta.

Tsoho ne ya ba mu mamaki. Ya sa babbar rigarsa, ya ce a kai shi ya ga wurin da idonsa, ko da abin da ya rage na idon. Muka tafi a hankali har tsohon gari. A bakin ɗakin ya tsaya ya shaƙi iska.

"Ba wari," ya ce, sannan ya shiga.

Ya shafa sirdin, ya shafa ma'aunin gidan waya, ya ce ya san mutumin da yake aiki da shi. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya ciro mariƙin, wanda tun ranar Alhamis yake wurinsa, ya ajiye a kan tebur.

"Malam, rubuta. A danna ciki, kana a murɗa sama. Ba a gwada mashi ƙarhi."

Mushe ya rubuta, da Faransanci da Hausa, a kan ɗan farin kwali.

Yana nan har yanzu, tsakanin tarho da makullan katako. Ina zuwa wani lokaci in tsaya gefe. Mutane suna tsayawa a kan sirdi, suna ɗaukar hoton tarho, su wuce mariƙin ko kallo babu. Ban ga laifinsu ba, wa zai tsaya kallon mariƙi ba ƙofa? Shi ya sa na ciro bik na ƙara layi ɗaya a ƙasan kwalin: ƙofar tana Dagmanet, ana dafa wake a cikinta.

Mushe ya ce wannan ba rubutun muze ba ne, ya canza kwalin. Na sake rubutawa. Ya sake canzawa. Na uku ne yake can yanzu, kuma bik ɗin yana cikin jakata.